Motar gida ta fara yoyo: kafin ka sayi gam, gano wane ruwa ne

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ya aiko da wannan tambaya: "Na sayi tsohuwar motar gida, irin wadda ake ce wa karafan a nan, ƙirar Amurka ta 1999, kan Ford gare ta, mai gado a saman direba. Da hutun nan na kai iyali Abha, ruwan sama ya same mu, sai ga katifar sama ta jiƙe. Na sayi silikon na shafe duk inda na ga tsaga. Mun dawo Jidda, ko yayyafi ba a yi ba, amma silin yana ɗiga kusa da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma injin tura ruwa yana tashi da kansa cikin dare. Ta ina zan fara, ko in sayar da ita in huta?"

Alhaji, barka da hanya, Allah ya sa an yi hutu lafiya. Maganar sayarwa a ajiye ta tukuna, silikon ɗin ma ka dakata da shi. Abin da ka lissafa ruwa uku ne daban-daban suka taru maka a mota ɗaya: na sama, na mukayyif, da na bututun cikin motar. Kowanne da ƙofar da yake bi, kowanne da maganinsa. A shekarun da na yi a sana'iyya, wato unguwar masu gyaran motoci, ina gyaran irin waɗannan motoci, ban ga abin da ya fi cinye wa mutane riyal kamar su ɗauka duk ruwan da suka gani daga rufi yake ba. Sai mutum ya hau ya yi ta shafe-shafe, ruwan kuwa yana can ta wata hanya yana cin katako.

Mu fara da na sama, don shi ne mai kashe mota. A ƙasar nan rana ce take buɗe masa ƙofa. Hau rufin motarka ka ƙirga ramukan da kamfani ya huda: wurin mukayyif, tagogin shan iska, eriya, bututun da ke fitar da warin tankunan banɗaki, mafitar zafin firiji, ƙafafun tsani. Kowanne gam ne kaɗai ya tsaya tsakaninsa da ruwa. Rana tana gasa gam ɗin nan tun safe har la'asar, hanya tana jijjiga shi, sannu a hankali ya bushe ya dare. A garuruwan da ruwa ke sauka akai-akai, cikin 'yan kwanaki mai mota zai gane. Mu kuwa a Jidda sai a yi watanni sama ba ta ce uffan ba, tsagar tana nan tana jira. Ka ɗauki motar ka haura Abha, tudun da ya kai mita 2,200, inda hadari ke haɗuwa da yamma a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara. Sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga, naka bangon kuwa ya daɗe da tsagewa kafin ka saye ta. Kada kuma ka ce ai ka dawo gida ka tsira. Wanda yake garin nan ranar 24 ga Nuwamba 2022 ya ga milimita 179 na ruwa cikin awa shida.

Kafin neman ƙofar, duba ɓarnar da aka riga aka yi. Ɗaga katifar saman direba ka fitar da ita waje gaba ɗaya. Sa hanci a kusurwoyin gaba. Katakon da ya daɗe cikin laima yana da wari irin na ɗakin ƙasa da aka rufe duk damina, ba ya ɓuya. Danna bango da ƙasan gadon da babban yatsa, taku bayan taku. Lafiyayyen wuri zai tsaya maka ƙyam, ruɓaɓɓe zai lotsa kamar burodi. Sannan da sassafe, lokacin da hasken rana ke zuwa a kaikaice, tsaya a gaban motar ka kalli jikinta ta gefe har baya. Bangon irin waɗannan motoci faiba ne aka liƙa a kan fale-falen katako. Idan ruwa ya shiga tsakani, liƙin yana saki, sai ka ga jikin ya kumbura kamar ƙurji ko ya yi igiyar ruwa.

Akwai gwajin da na fi yarda da shi fiye da kowace na'ura, kuma bai wuce aikin sukurudireba ba. A kowace kusurwar motar akwai dogon ƙarfen alminiyam da ya haɗe bango da rufi, a tsakiyarsa an cusa siririyar leda da ke rufe kawunan sukuru. Zare ledar, ka kwance sukuru ɗaya bayan kowane taƙi biyu, ka jera su a kan kwali yadda suke a jikin mota. Wanda ya fito yana ƙyalli, wurinsa a bushe yake. Wanda ya fito da jar tsatsa a zarensa, ruwa ya biyo ta nan. Wanda kuwa ka murɗa ya yi ta juyawa bai kama komai ba, ko ya fito da baƙin gari a jikinsa, katakon da ke ƙarƙashinsa ya riga ya mutu. Jerin nan da ke kan kwali zai nuna maka inda ruwan ya faro da inda ya gangara. Idan ka samu na'urar auna danshin katako, wadda masu kayan kafinta ke sayarwa, ka haɗa da ita. Duk inda ta haura kashi 20 cikin 100, ruɓewa na kan aiki.

A motar da ke da gado a saman direba, waɗanda nake fara tuhuma su ne ƙananan fitilun nan guda biyar masu ruwan lemo da ke goshinta, sai tagar gaba idan tana da ita, sai layin da robar rufi ta haɗu da goshin. Nan ne iska ke dukan ruwa da ƙarfi idan ana tafiya, kuma nan ne sashen da ya fi kowane jijjiga, tunda a rataye yake babu taya ƙarƙashinsa. Fitilun nan mutane ba sa kula su, alhali kowacce akwai ramin waya a bayanta, robar da ke tare shi kuma tuni ta zama gari.

Sai dai ka riƙe wannan: inda ruwa ya ɗigo ba lallai nan ya shigo ba. An taɓa kawo mini wata mota da maigidanta ya canja silin ɗin ɗakin baya har sau biyu a wani wuri, duk ruwan da aka yi sai tabon ya dawo. Da muka cire tagar shan iska ta tsakiya muka haska tocila cikin rufin, sai ga farin layi a jikin katako, irin sawun da ruwa ke bari idan ya bushe, ya miƙe tun daga gindin eriya a gaba. Kusan mita uku yake tafiya a ɓoye, yana bin waya, kafin ya sami ramin fitilar silin ya sauko. A ƙofar gidan mutumin gaban motar ya fi bayanta tudu, shi ya sa ruwan ke gangarawa can. Tsagar da ta jawo duk wannan asara ba ta kai tsawon farce ba.

Don haka ake gwaji da tiyo, kuma da haƙuri. Mutum biyu ake so, ɗaya a ciki da tocila, ɗaya a waje. Fara daga ƙasa, ka yi sama. Idan ka fara da rufi, ruwan zai wanke ko'ina, ba za ka san wace ƙofa ce ta karɓa ba. Ka ba kowane wuri aƙalla minti biyar zuwa goma, ruwan yana zuba a hankali kamar na sama. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi bai dace ba, yana iya huda inda babu huda. Idan tiyo bai nuna ba, akwai dabarar kumfa: a rufe ƙofofi da tagogi, a sa babbar fanka tana hura iska cikin motar ta taga ɗaya da aka toshe gefenta da kwali, sai a bi haɗe-haɗen waje ana fesa ruwan sabulu. Duk inda iska ke tsira, kumfa zai taso.

Yanzu silikon. Na san shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi, kowane shagon kayan gini yana da shi, kuma a banɗakin gida yana aiki. A rufin mota cuta ne. Motocin da aka ƙera a zamanin taka yawancinsu rufin roba ne da ake kira EPDM. Za ka tabbatar idan ka cire firam ɗin tagar shan iska daga ciki ka leƙa lankwasar robar: sama fari, ƙasa baƙi. Ita ce kuma ke zubo farin layi kamar alli a jikin mota. Silikon ba ya kama wannan roba da gaske. Zai yi kamar ya kama, bayan 'yan watanni na rana gefensa ya ɗago, ruwa ya shiga ƙarƙashi ya rasa hanyar fita. Abin da ya fi ciwo, babu wani gam da ke zama a kan inda silikon ya taɓa. Dole ka kankare wanda ka shafa tas, da abin kankara na roba ba na ƙarfe ba, kada ka yage rufin.

Abin da ake sawa a shimfiɗaɗɗen rufi gam ne mai bajewa da kansa, wanda aka yi domin wannan roba. Dicor shi ne sunan da aka fi sani. Akwai ɗan'uwansa mai kauri wanda ba ya gangarowa, na bango da fitilu. Dogon haɗi irin na goshi da na baya kuwa, na fi son tef ɗin EternaBond mai faɗin inci 4, amma sai an murza shi da ƙarfi da abin murzawa, don matsi ne ke sa ya kama. Idan ba ka samu a shagunan kayan karafan ba, ka yi odarsu ta intanet, jiran sati biyu ya fi sake aiki. Wanke wurin da sabulu da ruwa, ya bushe, ka goge da sifirit. Fetur, tina da kalanzir kada su kusanci rufin, suna kumbura robar su raba ta da katako. Aikin kuma na bayan sallar asuba ne. Da hantsi ya ɗaga rufin zai ƙona maka gwiwa, gam ɗin ya yi fata a sama kafin ya kwanta. Shimfiɗa faffaɗan katako ka durƙusa a kai, tsohon rufi ba a taka shi da ƙafa ɗaya.

Tagogin gefe labarinsu gajere ne. A ƙasan firam ɗin kowacce daga waje akwai ƙananan ramuka da ruwa ke fita. Ƙurarmu tana toshe su, ruwa ya cika kwarin ya malalo ciki. Tsinke da ɗan ruwa sun isa. Idan ta gefen firam ɗin yake shiga, ciro tagar dungurungum, a kankare tsohon liƙi, a zagaye ta da sabon tef ɗin butil mai danƙo, a mayar.

Ka toshe waje, amma ciki ka buɗe shi ya sha iska. Kada ka manna sabon allo a kan jiƙaƙƙen katako don ya yi kyan gani, funfuna za ta ci gaba a baya, yara kuma su ne ke kwana a wannan gado suna shaƙa. Laimar Jidda ba ta busar da abu da wuri, sai ka sa fanka kwana da kwanaki. A nan ne kuma amsar maganar sayarwa take. Idan ruɓewar ta tsaya a ƙasan gadon sama da kusurwa ɗaya ko biyu, aikin kafinta ne mai hankali, motar ta cancanci gyara. Idan kuwa bango ya kumbura daga gaba har baya, ƙasan motar yana lotsawa a bakin ƙofa da banɗaki, kuɗin gyara zai wuce kuɗinta. In hakan ta kasance ka yanke shawarar rabuwa da ita, don Allah ka nuna wa mai saye aibinta da hannunka. Abin da aka yi maka kada ka yi wa wani.

Ruwan da ke ɗiga kusa da mukayyif alhali babu hadari, daga iska yake. A laimar Agusta da Satumba mukayyif yana tatsar ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ruwan yana taruwa a faranti, ya fita ta ƙananan ramuka zuwa kan rufi, ya gangara ta gefen mota. Kunna shi awa ɗaya ka zagaya. Idan ba ka ga ruwa yana bin jikin motar ba, to ciki yake komawa. Ƙura da ruwa sun zama laka sun toshe ramukan. Kashe wuta, cire murfin sama, ka soke su da waya, ka wanke farantin. Wanke filta ta ciki ma, don idan ta toshe ƙanƙara kan taru a cikin na'urar, sai an kashe ta narke ta zubo. Wanda ruwansa ke zuba bayan an kashe mukayyif, wannan ce matsalarsa.

Shi mukayyif ɗin rufi ba a liƙe yake ba. Zaune yake a kan rami mai inci 14 kowane gefe, tsakaninsa da rufi gaskit ne na soso mai kaurin kamar inci ɗaya, dogayen noti huɗu suna riƙe da shi daga ciki. Jijjigar hanya tana sassauta su. Ka ɗaure su daidai wa daida har gaskit ɗin ya koma rabin kaurinsa, ka tsaya nan. Wanda ya matse har ƙarshe ya kashe soson. Idan tun na kamfani ne a motar 1999, canja shi kawai, amma ku zama mutum biyu, na'urar tana kai kilo 40. Kuma kada wani ya ba ka shawarar zagaye gindinsa da gam, hanyar fitar ruwan za ka toshe. Ɗora miƙaƙƙen katako a gefensa ka duba ko nauyi ya lotsa rufin ya zama tafki. In haka ne sai an ɗaga wurin daga ƙarƙashin robar.

Na uku, injin tura ruwa, wanda a nan muke ce wa dinamo. Da batir yake aiki. Yana cika bututu har matsi ya kai wajen 45 a ma'aunin matsi na PSI, ya tsaya, ba ya sake tashi sai matsin ya sauka. Tashinsa cikin dare alhali kowa na barci yana nufin ruwa na tsira ta wani wuri. Cika tanki, kunna dinamon, rufe kowane kan famfo, sannan ka yayyaga takardar goge hannu ka shimfiɗa ƙarƙashin kowane haɗi: bayan masai, ƙarƙashin wurin wanke-wanke, bayan hita mai dumama ruwa, wurin da ake jona tiyon waje, da shawa ta waje idan akwai. Takarda tana tona ɗigon da ido ba ya gani. Bawul ɗin bayan masai na roba ne, shi ya fi yawan tsagewa. Motar da ta yi rayuwa a garuruwan sanyi na Amurka tana iya zuwa da tsohuwar tsagar ƙanƙara a haɗe-haɗenta, haka ma wadda ta kwana Tabuk ko Ha'il da hunturu da ruwa a bututu. Idan ka ga bututun toka-toka ne, irin wanda aka daina yi a tsakiyar shekarun 1990, kada ka tsaya faci, maye gurbinsa da bututun roba da ake kira PEX kaɗan-kaɗan.

Idan gari ya waye duk takardun a bushe, ka yi hamdala. Bawul ɗin cikin dinamon ne ya gaji ko yashi ya maƙale masa, ruwan yana komawa tanki ne, ba ya taɓa katako. Wankewa ko canja dinamon ya wadatar. Ɗigon da kan fito daga bawul ɗin tsaro na hita lokacin da take dumama ruwa shi ma ba abin tsoro ba ne, ruwan zafi ne ke neman wuri. Amma ka saba da kashe dinamo duk lokacin da za ku fita ko za ku kwanta, kuma kada ka jona tiyon gida kai tsaye sai da abin rage matsi a bakinsa. Tankin da ya daɗe da ruwa a zafin nan ka wanke shi: mililita 60 na ruwan bilic na Clorox ga kowace lita 60 ta ruwa, ya bi duk bututu, ya zauna awa huɗu, a zubar a ɗauraye.

Tunda iyali kake ɗauka ka hau dutse da su, bari in ƙara abin da ba ka tambaya ba. Tayar motar gida tsufa ke kashe ta, ba tafiya ba. A gefen kowacce akwai rubutu da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekarar ƙira, 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Wadda ta wuce shekara shida a ranar ƙasar nan ba na yarda da ita, ko da zanenta bai ci ba, kuma ka leƙa ta ciki a tagwayen tayoyin baya, wadda ake mantawa da ita. Man birki yana shan laima, a canja shi duk shekara biyu, don a gangaren da ke saukowa daga Abha zuwa Tihama, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku, tsohon mai kan tafasa, ƙafa ta tafi ƙasa. Sauko da ƙaramar giya, kuma ka rage ruwan tanki kafin hawa, kowace lita kilo guda ce. Tiyon lagireto da fanbel, idan ba ka san shekarunsu ba, ɗauke su tsofaffi ne.

Wutar motar Amurka 120 ce, ta gidajenmu 220 zuwa 230. Idan wanda ya sayar maka bai sa taransifoma ba, jonawa ɗaya za ta ƙone mukayyif da cajar batir. Haɗe-haɗen gas ka bi su da ruwan sabulu. Na'urar da ke ƙara idan hayaƙi mai guba ya taru tana da wa'adi, ta 1999 ta daɗe da mutuwa, ka sayi sabuwa kafin ku sake kwana da janareto a kunne. Wannan kam ina roƙonka, kada ka ɗaga shi zuwa wata tafiya.

Wurin ajiya, in da hali ka samar mata rumfa. Tampol ɗin leda da ake ɗaurewa kai tsaye yana gogar rufi idan iska ta taso, yana kuma riƙe gumi. Ka riƙa hawa rufin sau biyu a shekara, a Oktoba kafin ruwan Jidda, da kuma kafin tafiyar hutu, kana bin kowane gam da yatsa.

Juma'ar nan, Alhaji, fara da kwance sukurun kusurwoyin gaba. Jera su a kwali, hagu daban dama daban, ka ɗauki hotonsu tare da na ƙarƙashin katifar ka turo mini, daga nan za mu san ko kafinta za a kira ko gam kaɗai ya isa.